Gishiri, danshi da iska: yadda zaka gwada da hannunka ko yashi zai tashi ko zai zauna

Yawancin mutane in ana maganar zaizayar yashi a hamada ƙarfin iska kawai suke kallo, wai iska ce tayi yawa shi yasa ta kwashe ƙasa. Gaskiya ne amma rabin magana kenan. Iska ɗaya zata bi ta kan fili biyu, ɗaya ta turnuƙe shi har baka ganin gabanka, ɗayan kuma ko ƙwaya bata ɗauka ba, kuma in ka tsuguna ka duba sau da yawa bambancin bai wuce ɗan ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyin yashin ba, ko gishirin da ruwan ya bari bayan ya bushe. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutun shine danshi yana riƙe yashi amma na ɗan lokaci ne, gishiri kuma yana riƙewa bayan danshin ya tafi amma saman kawai yake riƙewa, kuma ba kowane gishiri bane mai riƙewa, wani ma ƙara lalata wurin yake. Duk wannan zaka iya ganinsa da idonka da kayan da basu taka kara sun karya ba, toh bari mu bi shi daki-daki.

Mataki na farko: ka san yadda iska ke ɗaukar yashi

Kafin ka taɓa komai sai ka gane wannan, in ba haka ba gwajin zai zama wasan yara. Iska bata ɗaukar yashi ta tafi da shi sama kamar yadda ake zato. Hanya uku ce. Ƙwayoyin da suka fi girma mirginawa suke a ƙasa. Matsakaita, waɗanda sune asalin yashin tudu, tsalle suke, ƙwaya ta tashi 'yan santimita ta faɗo ta daki wasu, su ma su tashi su daki na gaba, haka abin ke yaɗuwa har ka ga fili duka yana gudu. Sai ƙura, wato ƙananan da basu kai milimita 0.06 ba ko kusa da haka, ita ce ke rataye a iska tayi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ralph Bagnold, wani sojan Ingila da ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya, shi ya fara auna wannan da kyau a cikin bututun gwajin iska ya fitar da aikinsa a 1941, kuma ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na yashin da ke tafiya ta hanyar tsallen nan yake tafiya.

Abu biyu ka riƙe daga nan. Na ɗaya akwai iyakar da sai iska ta kai kafin ƙwaya ta farko ta motsa, a busasshen yashin tudu wajen mita 5 zuwa 6 ne a sakan, wato kusan kilomita 20 a awa. Duk aikin danshi da gishiri shine su ɗaga wannan iyakar sama. Na biyu, da zarar an wuce iyakar, yawan yashin da ke tafiya baya ƙaruwa a hankali, in gudun iska ya ninka sau 2 yashin da zata kwasa zai iya ninkawa kusan sau 8. Shi yasa ƙara iyakar nan ko da kaɗan ne babban abu ne, saboda ka cire kwanaki masu yawa na shekara daga lissafin zaizaya gaba ɗaya.

Kuma wani abu da ke ba mutane mamaki, ƙwayar da tafi saurin tashi ba mafi ƙanƙanta bace. Wadda ke wajen milimita 0.08 zuwa 0.1 ita ce ta fi sauƙin ɗauka. Ƙura mai laushi sosai manne wa juna take, iska kaɗai bata cika tada ita ba sai yashi mai tsalle ya zo ya daketa. Ka ajiye wannan a ranka, zai dawo mana in mun zo kan ɓawon gishiri.

Mataki na biyu: haɗa kaya

Kana buƙatar yashi kamar kilo 10, rariya, ƙananan tire guda 8 iri ɗaya masu faɗin santimita 15 da tsawon 20, zurfi ko 2 ya isa don kilo ɗaya na yashi zai cika kowanne, sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya, sirinji ko kofin awo mai mililita, gishiri, ledoji, rula, kwali da salatif. Sai abin hura iska. Fanka bata cika kai ƙarfin da ake so ba sai ka matso da ita sosai, na'urar busar da gashi ko bulowa ta fi, amma don Allah ka sa ta a iska mai sanyi, in ka kunna zafi kana busar da yashin ne kana gwaji lokaci ɗaya, sakamakon ya lalace kenan. Ka sa takunkumi da tabarau, kuma ka nisanta ruwan gishiri da wayar wuta.

Ka tankaɗe yashin ka cire tsakuwa da ciyayi, sannan ka wanke shi da ruwa mai daɗi sau biyu ko uku har ruwan ya daina fita da dauɗa, ka shanya ya bushe ƙarau. Wankin nan kar ka tsallake shi, yashi da yawa yana zuwa da gishirinsa da lakarsa, in baka wanke ba ba zaka san me kake aunawa ba. Da kwalin kuma ka naɗa dogon rami mai buɗaɗɗen baki biyu kamar mita ɗaya, tire ya zauna a ciki daidai da ƙasan kwalin, kar bakin tiren ya ɗago ya tare iska.

Mataki na uku: busasshen yashi, shine ma'auninka

Cika tire ɗaya da busasshen yashi, ka share samansa da rula ya kwanta lif, kar ka danna. Ka auna nauyinsa ka rubuta. Ka ajiye bulowa nesa ka kunna, kana matsowa da ita kaɗan kaɗan, idonka a daidai saman yashin, zai fi kyau ka haska tocila daga gefe don ƙwayoyin su fito sosai. Da farko zaka ga wasu ƙwayoyi suna rawa a wurinsu basu tafi ba, sai ɗaya ta fizge, sai biyu, sai kawai saman duka ya fara gudu. Inda ka ga gudun ya ɗore, ka auna nisan bulowa da tire ka rubuta. Wannan nisan shine awon iyakarka. Sannan ka zaɓi wani nisa da ya ɗan fi kusa, ka bar iska minti 3, ka sake auna nauyi, abin da ya ragu shine zaizayar. Wannan nisan da minti ukun nan su zaka riƙa maimaitawa a kowane tire, kar ka canza.

Mataki na huɗu: danshi

Ka zuba kilo ɗaya-ɗaya a leda uku. Ta farko ka sa ruwa mililita 5, ta biyu 10, ta uku 40. Tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, kaga kana da danshi kashi 0.5, kashi 1 da kashi 4 cikin ɗari kenan. Ka cuɗa sosai, ka ɗaure bakin ledar ka barta ta kwana don ruwan ya ratsa ko'ina. Washegari ka juye a tire ka share ka gwada nan take, kar ka bari ya sha iska.

Na mililita 5 ɗin nan in ka taɓa da ƙyar zaka ce akwai ruwa a ciki, amma zaka ga sai ka matso da bulowa sosai kafin ya motsa. Wannan ba sabon abu bane, wani mai bincike Belly ya gwada a 1964 ya samu danshi wajen kashi 0.6 cikin ɗari ya isa ya ninka ƙarfin iskar da ake buƙata. Na kashi 4 kuwa da wuya ka iya tada shi, in danshi ya kai kashi 4 zuwa 5 yawancin iskar da ake yi a fili bata iya komai da shi. Dalili shine ruwan baya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, taruwa yake a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya ya zama ɗan zobe, kuma fatar ruwan tana jan ƙwayoyin biyu zuwa juna, toh iska sai ta tsinka waɗannan zobban kafin ta ɗaga ƙwaya ɗaya.

Yanzu ga inda darasin yake, kar ka kashe bulowar. Ka bar ta tana hurawa a kan tire mai kashi 1 ɗin kana kallo. Bayan wasu mintoci zaka ga launin saman ya fara haske tabo-tabo, wurin da yayi haske sai ƙwayoyinsa su fara zamewa a jere kamar zare, su bar mai duhu a ƙasa, shi ma ya bushe ya bi su. Iskar da danshi ya hana aiki ita ce dai ke busar da danshin. Shi yasa a hamada bayan ruwan sama, in rana ta fito da iska, wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi sai ka ga yashi ya ci gaba da tafiya alhali in ka tona da yatsa ƙasan a jiƙe yake. Iska ba ruwanta da danshin da ke zurfin taƙi, milimita ɗaya ko biyu na sama kawai take gani.

Don haka in zaka auna danshi a fili, saman kawai zaka kankaro da wuƙa ko guntun kwano, siriri sosai, ka zuba a kwalba ka rufe nan take. Ka auna, ka busar, ka sake aunawa. A ɗakin gwaji a zafin digiri 105 ake busarwa na awa 24. In jiƙaƙƙen giram 104 ne busasshen ya dawo 100, danshinka kashi 4 kenan. Mutane da yawa sai su cika cokali daga zurfi su samu kashi 3 su ce wurin lafiya lau, alhali fatar saman bata kai ko 0.2 ba.

Sai kuma ka lura wannan lissafin na tsantsar yashi ne. In ƙasar tana da laka, lakar ce ke fara shanye ruwan ta riƙe a jikinta, sai ta ƙoshi sannan zobban nan zasu fara fitowa, toh kashi 1 da yayi aiki a yashi ba lallai ya tsinana komai a ƙasa mai laka ba.

Mataki na biyar: gishiri

Nan ne zaka ɗan yi haƙuri don sai an jira bushewa. Ka haɗa ruwa kala huɗu, lita ɗaya-ɗaya. Na farko ruwa zalla, na biyu da gishiri giram 10, na uku giram 35 wanda shine kusan gishirin ruwan teku, na huɗu giram 100. Ka cika tire huɗu da busasshen yashi, kowanne ka jiƙa shi da mililita 150 na nasa ruwan, a hankali ta gefe ko da abin feshi don kar ka tone saman. Ka ajiye su wuri ɗaya su bushe tare, kana aunawa kullum, ranar da nauyi ya daina raguwa sun bushe kenan. Tire mai ruwa zallan nan shine shaidarka, in babu shi ba zaka iya cewa gishiri ne yayi aikin ba ko jiƙawa da bushewa ne kawai.

Abin da ke faruwa a ciki shine ruwa yana hawowa sama inda ake bushewa, yana jan gishirin da ya narke tare da shi, ruwan ya tafi iska gishirin ya tsaya. Kuma ina yake tsayawa? A daidai wuraren da zobban ruwan nan suke, tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Kenan inda ruwa yayi gada ta ɗan lokaci, gishiri ya maye gurbin da gada mai tauri. Shi yasa gishirin ke taruwa a sama yayi ɓawo. A mai giram 35 ɗin, gishirin da ya shiga tiren duka bai wuce giram 5 da ɗan kai ba a kilo guda na yashi, amma tunda yawancinsa a sama ya taru zaka ga bulowa ta kasa komai da shi. Gwaje-gwajen da wani mai bincike Nickling da abokin aikinsa suka yi a Kanada a farkon shekarun 1980 sun nuna haka, gishiri ɗan kaɗan yana ɗaga iyakar tashin yashi sosai.

Ga wata dabara ta auna taurin ɓawon. Ka ɗora tiren a kan sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗauki ƙusa ka juya kanta mai faɗi ƙasa, kana dannawa a hankali kana kallon lamba, inda ɓawon ya fashe ka rubuta lambar. Ka yi a wuri biyar ka ɗauki matsakaici. Sannan ka ɓantari gefe da wuƙa ka auna kaurinsa da rula, ka sa yatsa a ƙarƙashi ka ji. Zaka tarar da yashin ƙasan sako-sako ne, abin kamar ɓawon ƙwai yake, taurin duk a fata ne.

Mataki na shida: ka gwada lalata shi

Wannan matakin a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ake yawan bari. Ɓawon da ya jure iska zalla ba shine ya ci jarrabawa ba, don a fili iska bata zuwa hannu rabbana, da yashi take zuwa. Ka ɗauki busasshen yashi a kofi mai ɗan huji, ka riƙa zubo shi siriri a gaban bulowa yadda iska zata ɗauke shi ta riƙa dukan ɓawon da shi. Ka auna tiren kafin da bayan, amma ka fara kakkaɓe baƙon yashin da ya kwanta a kai. Zaka ga mai gishiri kaɗan ya fara ƙurjewa, ƙananan ramuka suna fitowa, mai gishiri da yawa kuma ya fi jurewa. Haka abin yake a Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, tsohon gindin tafki ne, kuma gutsattsarin da ke tsalle suna dukan juna da ƙasa sune ke niƙa shi ya zama ƙura.

Sai gwaji na biyu, ka danna babban yatsanka ka fasa ɓawon a tsakiya kamar sawun kofato ko taya, ka kunna iska. Ka kalli yadda iska ke shiga ramin tana yashe sako-sakon ƙasan, bakin ɓawon ya rasa madogara ya rufta, ramin ya ƙara faɗi, yashin da ya fito kuma ya zama makamin ƙurje na gaba. Wurin da ya shekara a zaune mota ɗaya ko garke ɗaya kan iya buɗe shi.

Mataki na bakwai: wane irin gishiri ne

Duk abin da muka yi zuwa yanzu da gishirin da aka saba ne, sodiyam kulorayid, kuma shi ɓawo mai tauri yake yi. Amma ƙasar hamada ba shi kaɗai take ɗauke da shi ba. Akwai sodiyam salfet, akwai dangin kanwa wato sodiyam kabonet, waɗannan sau da yawa kumbura ƙasa suke. Sodiyam salfet misali in akwai sanyi da danshi yana haɗiye ruwa a cikin ƙwayarsa ya kumbura kusan ninki 4, ya ture ƙwayoyin ƙasa ya raba su, in zafi ya wuce digiri 32 ko iska ta bushe sai ya saki ruwan ya ruguje ya zama farin gari. Yau kumburi gobe rugujewa, saman ƙasar sai ya koma laushi fuu, in ka taka ƙafarka ta nutse, iska kaɗan ta ishe shi.

Zaka iya ganin wannan a gida. Ka yanke robar ruwa babba, ka huda ƙasanta, ka cika da yashi mai laushi haɗe da ɗan turɓaya tsawon santimita 15, ka tsayar da ita a cikin kwano mai ruwan kanwa ko na sodiyam salfet in zaka samu, wata robar kuma a ruwan gishirin da aka saba. Ka riƙa ƙara ruwa a kwanon kawai, kar ka zuba ta sama. Ka bar su a waje su sha sanyin dare da zafin rana na sati biyu ko uku, sai ka kwatanta saman. Ita kanwa haɗe-haɗe ce, kowace da irin nata, don haka abin da zaka gani ya danganta da wadda ka samu. Wannan gwajin yana kwaikwayon wurin da ruwan ƙasa ke kusa ne, kuma a nan ne abin ke juyewa, don hankali zai ce wuri mai danshi a ƙasa ya fi zama lafiya, amma binciken da aka yi a busassun tafkuna na hamadar Mojabe a Amurka ya nuna waɗanda ruwan ƙasansu bai kai zurfin mita 5 ba sune suka fi tada ƙura, saboda kullum ruwa na hawowa yana kawo sabon gishiri mai laushi, waɗanda ruwansu ke can nesa kuma samansu fako ne mai tauri.

Tafkin Owens a Kalifoniya shine babban misali. An karkatar da ruwan da ke shiga cikinsa zuwa birnin Los Anjelas daga 1913, kafin 1930 ya ƙafe, gindinsa mai gishiri ya zama wuri ɗaya da ya fi ko'ina fitar da ƙura mai cutar da huhu a Amurka. Tekun Aral tsakanin Kazakistan da Uzbekistan ma haka, tun shekarun 1960 da aka janye kogunan Amu Darya da Sir Darya don noman auduga yake ja da baya, gindin da ya bari yana tada ƙura mai gishiri da ke sauka a gonaki da ƙirjin mutane. Toh duk wanda ya ce maka gishiri na hana zaizaya, ka tambaye shi wane gishiri.

Laimar iska ma tana da hannu. Gishirin da aka saba yana fara tsotsar ruwa daga iska ya narke in laima ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, shi yasa da asuba ɓawo kan yi taushi da duhu, da rana ya sake ƙanƙamewa. Kalsiyam kulorayid da magnisiyam kulorayid kuwa tun daga wajen kashi 30 suke tsotsa, don haka ake fesa su a hanyoyin da ba kwalta don kwantar da ƙura, su danshi suke riƙewa ba tauri ba.

Mataki na takwas: ka fita fili

Yanzu idonka ya buɗe, sai ka karanta wurin da ya dame ka. Ka fara da inda iska ke fitowa, ka taka ka duba akwai sako-sakon yashi a can? In akwai, komai taurin ɓawonka yana cikin haɗari. Ka danna saman da ƙusa kamar yadda ka yi a tire, ka duba kauri, ka duba ko yana ƙara in ka taka ko nutsewa yake. Ka tona rami ko ka leƙa rijiya mafi kusa ka san zurfin ruwan ƙasa. Sannan ka kafa sandunan ƙarfe masu tsawon santimita 50, ka bar 20 a waje, wasu a kan ɓawo mai lafiya, wasu inda aka tattake, wasu a yashi tsirara, duk sati ka auna abin da ke waje. In ya ƙaru an kwashe, in ya ragu an tara. Ka riƙa zuwa lokaci daban-daban, da asuba da kuma tsakar rana, lokacin sanyi da lokacin zafi, don wuri ɗaya kan canza hali cikin yini guda.

Mataki na tara: me zaka yi da abin da ka gani

Abu na farko kuma da babbar murya, kar ka ɗauki gishiri ka zuba a gona ko wurin da kake fatan ciyawa ta fito wai don ka tsayar da yashi. Gishiri yana hana saiwa shan ruwa, sodiyam kuma yana wargaza laka ya toshe ƙasa ruwa ya kasa shiga, garin neman gira a rasa ido kenan, don tsiro shine mai riƙe yashi na dindindin kuma ka kashe shi. Ko ruwan gwajin nan naka kar ka zubar kusa da shuka.

In wurin yana da ɓawo mai tauri na asali, aikinka shine ka kare shi, ka fitar da hanya ɗaya ta mota da dabbobi a gefen da iska ke fita, ka hana tattaka sauran. In akwai yashi mai tahowa daga gaba, shi zaka fara tsayarwa. A Shafotou da ke ƙasar Sin, don kare layin dogo na Baotou zuwa Lanzhou da aka buɗe a 1958, busasshen kara ake cusa wa a yashi da shebur a yi murabba'i mita 1 da mita 1, a bar santimita 10 zuwa 20 a waje, wannan kaɗai yana karya gudun iska a ƙasa inda tsallen ke faruwa.

In kuma wurin mai gishiri ne mai laushi, sai dai a rufe shi ko a jiƙa shi. A Owens tun farkon shekarun 2000 abin da ake yi kenan, wani ɓangare a malala masa ruwa marar zurfi, wani a shuka ciyawa mai jure gishiri, wani a shimfiɗa tsakuwa. In ruwan da kake da shi mai gishiri ne kuma babu wani, akwai abin koyi a hanyar da ta ratsa hamadar Taklamakan a ƙasar Sin, wadda aka buɗe a 1995. An dasa itatuwa masu jure gishiri a gefenta na tsawon sama da kilomita 400, ana ba su ruwan rijiya mai gishiri ta bututu mai ɗigo, ɗigon yana tura gishirin gefe nesa da saiwa, ɓawon da ke fitowa a sama kuma yana taimakawa wajen riƙe yashin. Amma ka lura can tsantsar yashi ne da ruwa ke wucewa da sauri, a ƙasa mai laka wannan dabarar zata tara gishiri ne ta kashe wurin.

In zaka yi ban ruwa don kwantar da yashi a wurin aiki ko kewayen sabon dashe, ka daidaita shi da lokacin da iska ke tashi, ɗan feshi kafin iskar ya fi ambaliya awa shida kafin ta, tunda ka ga da idonka fatar sama ce ke bushewa da wuri. Bayan kowane ruwan sama kuma ka koma da ƙusarka ka sake danna ɓawon, yayyafi kan narkar da shi ya sake ɗinke tsagogin ya ƙara ƙarfi, ruwa mai yawa kuma kan wanke gishirin yayi ƙasa ya bar saman tsirara na wasu kwanaki kafin bushewa ta sake jawo shi sama, toh a waɗannan kwanakin ne zaka fi tsaurara hana taka wurin.